Gonar da Iya Dije Ta Daina Shiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a masaukinka na Haɗeja. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, tunda ƙarfe ka zaɓa ya zama abokin aikinka. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci a kan lokaci, na ce mata ta bar wannan, tun kana goye ba ka taɓa makara a wurin ba.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. Ka san halina da waya, in na ɗauko magana mai nauyi sai in ƙare da tambayar ko an yi sanyi a wajenku. Ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, akwai maganar da ba zan iya kallon idonka in faɗa ba. Labarin gida ba ka buƙatarsa, yanzu ka baro shi. Abin da zan ba ka shi ne labarin wautar da na yi, domin aikin da za ka je yi, na tuƙa injin girbi a gonakin mutane, zai kai ka daidai inda na yi tuntuɓe.

Ka san Iya Dije, tsohuwar bayan gidanmu, ƙawar kakarka marigayiya, wadda ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki. Na san ka lura, ko da ba ka taɓa tambaya ba, cewa shekara da shekaru tana shiga gonar kowa a unguwar nan ban da tawa. In za ta bakin kanal, gonata ce yanke, amma sai ta zagaya ta kan kunyar maƙwabci da sandarta. Na daɗe ina tsoron ta mutu ko in mutu ba ta yafe mini ba, kuma wannan tsoro ya fi duk wata asarar noma da na taɓa yi ci mini rai. Yau ina rubuta maka da zuciya sakayau, alhamdu lillahi, amma ka bari in bi da kai ta hanyar da na biyo.

Abin ya faro ne daga tumatir, kana ƙarami a lokacin. Wani rani ne da kowa ya yi tumatir, daga Kadawa har Bunkure ƙasa ta yi ja, motocin kudu kuma suka yi ƙaranci. Na kai kaya kasuwar bakin titin Zariya tun da hantsi, har la'asar babu wanda ya ɗaga ganyen kwandona ya duba. Tumatir ya fara tsiyaya, ƙuda ya taru. Wasu mata daga ƙauyen da ke kusa suna tsaye gefe da robobinsu, suna jiran wanda ya gaji ya ba su su yanka su shanya. Ɗaya ta matso ta gaishe ni da ladabi, ta ce in ba zan koma da shi ba su kwashe. Ni kuwa zuciya ta riga ta hau. Na ce in ni da na yi ban-ruwa wata uku ban ci moriyarsa ba, babu wanda zai ci. Na sa aka kife kwandunan a lambatu, na kuma sa direban da ya kawo ni ya bi ta kan wanda ya gangaro titi. Ina ganin kaina jarumi a lokacin.

Da na dawo gida na ba Innarka labari ina jiran ta taya ni zagin kasuwa. Sai ta ɗauke kwanon da na ci abinci ta fita. Sai da damina ta yi nisa, tumatir ya zama sai mai hali, ta fara kawo mini shinkafa da wata miya fara fat. Kwana uku ina haƙuri, ran na huɗu na yi magana. Ta ce ai kauɗar da za ta sa tana can lambatun bakin titi, in ina so in je in kwaso. Daga baya na gano busasshen tumatir ɗin da ta riƙa saya a wannan damina daga hannun irin matan nan ya fito, waɗanda suka samu wurin manoman da suka fi ni hankali.

To ka ji ta farko. Za ka yi asara a rayuwa, babu makawa, kuma za ka ji haushi. Ka huce haushinka a wani wurin, kada ka huce shi a kan abinci. Abin da kasuwa ta ƙi, ciki bai ƙi shi ba. Ranar nan asarata ta riga ta tabbata ko na ba matan ko ban ba su ba, abin da na ƙara kawai shi ne na hana miya shiga gidajen da ban ma san su ba.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma maimakon in yi nadama sai na ƙudura cewa shekara mai zuwa ni zan riga kowa dasa tumatir, in riga kowa kai shi kasuwa kafin ya yi yawa. Da kaka ta zo muka yanke shinkafar damina da lauje, muka buge ta a kan ganga, kafin azahar an ɗinke buhuna an fitar. Ka san al'adarmu tun kaka da kakanni, in mai gona ya kwashe nasa, masu kala suna shiga su tsince zangarniyar da ta faɗi, su share inda aka yi bugu, su sheƙe su tafi da abin da Allah Ya ba su. Yawancinsu tsofaffi ne da matan da mazansu suka rasu. Ba a gayyatarsu, ba a kuma korarsu. Mace mai himma takan tara abin da zai kai ta tsakiyar damina.

Ni kuwa na ji jita-jitar cewa za a saki ruwa a kanal ɗinmu cikin kwana biyu. Na ce lallai a ranar zan ƙone tattakar shinkafar, washegari a yi huɗa, ruwa na zuwa in dasa. Na sa aka baza tattakar, na ciro ashana. Matan suna tsaye a bakin gona su kusan goma, Iya Dije a gaba da ƙwaryarta da guntuwar tsintsiya. Ita kaɗai ce a garin nan take kirana da sunan da kakarka take kirana da shi. Ta ce, "Tanko, ka ba mu zuwa gobe da hantsi mana."

Na ce mata ruwa ba ya jiran masu kala. Da na yi shiru daga nan, wataƙila da ta ɗauke shi a matsayin gaggawar manomi. Sai na ƙara da cewa gonar nan ba gidan rabon sadaka ba ce. A gaban matan nan na faɗa, a gaban leburorina, na kuma ƙyasta ashanar.

Abba, har yau in na ji ana soya gugguru sai gabana ya faɗi. Wutar tana ci, ƙwayar shinkafar da ke ƙasa tana fashewa tas-tas, tana tsalle fara-fara a cikin toka. A nan na ga yawan abin da ke wurin, ashe ba kaɗan ba ne. Iya Dije ta tsaya tana kallo har wutar ta kai tsakiyar gona, sannan ta kife ƙwaryarta a ka ta ce, "Allah Ya amfana, Malam Garba." Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ruwan da na yi wannan rashin kunya dominsa kuwa bai iso ba sai bayan kwana tara, gona tana zaune baƙa ƙirin tana jira.

Abin da ya fi muni shi ne dabarar ta ci. Na riga mutane kasuwa, na sayar da daraja, aka fara nuna ni ana cewa ga manomin da ya san abin da yake yi. Da kaka ta zagayo, duk wanda muke shan kanal ɗaya da shi ya kwaikwaye ni. Ana gama bugu sai hayaƙi, daga gonata har gada. Masu kala suka riƙa zuwa suna tarar da toka. Fulanin da suke zaune a gefen garinmu, waɗanda shanunsu suka saba cin tattaka su bar mana taki, su ma suka riƙa juyawa da garkensu.

Daminar da ta biyo baya, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, Innarka ta shigo da rana ido jawur. Ta ce ta fito daga gidan Iya Dije, ƙaramar jikarta Hauwa gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Innarka ce ta goya yarinyar zuwa asibiti, aka ce tamowa ce, yunwa ce zalla. Ba zan ce wutata ce kaɗai ta jawo ba, talauci yana da ƙofofi da yawa. Amma na san ƙofa ɗaya da ni na buɗe ta da hannuna, kuma duk lissafin da na yi don in wanke kaina bai wanke ni ba. Allah Ya taimaka yarinyar ta tashi.

Ga ta biyu, kuma ita ce ta fi shafar aikinka. Masu gona za su riƙa matsa maka lamba, wannan yana kira, wancan yana kira, kowa yana so a gama masa jiya. Gaggawar da za ka yi ka yi ta a kan abin da yake naka. In ka sauko daga inji ka ga mata a bakin gona da ƙwarya, ka gaishe su kamar yadda za ka gaishe da Innarka. In ka ga mai gona ya ciro ashana, ka roƙe shi ya ƙara kwana biyu. Gona ba taka ba ce, ba za ka tilasta shi ba, amma direban inji yana da baki a wurin manomi fiye da yadda kake zato, don yana buƙatarka baɗi. Kuma ka sani duk abin da ka yi aka ga ya ci, sai an kwaikwaye shi, mai kyau ne ko mummuna.

Yanzu ka ji yadda na so in gyara, ka yi dariya in ka ga dama. Na zaɓi buhun shinkafa mafi kyau a ɗaki, na ɗora a a-daidaita-sahu, na kuma zaɓi ranar Juma'a daidai lokacin da ake dawowa daga masallaci, na ce a kai ƙofar gidan Iya Dije a yi sallama da ƙarfi a ce daga Malam Garba. Na gaya wa kaina taimako nake yi. Gaskiyar magana ina so ne garin ya ga na biya. Ban gama cire babbar riga ba na ji ƙarar a-daidaita-sahun a ƙofar gida. Direban ya sauke buhun yana sunkuyar da kai, ya ce tsohuwa ta ce a gaya mini ta gode, amma ita ba ta yi bara ba.

Na yi fushi, na ce talaka da girman kai. Innarka ce ta zaunar da ni ta fahimtar da ni abin da ya kamata in sani tun ina yaro. Mai kala ba roƙo take yi ba, aiki take yi. Tana sunkuyawa tun hantsi har bayanta ya ƙage, abin da ta tara guminta ne, tana ci kanta a ɗage. Na hana ta guminta a gaban mutane, sannan na aika mata sadaka a gaban mutane, wato sau biyu na tozarta ta. Saboda haka in za ka ba wani abu, ka duba ko kai kake so a gani. In haka ne ka jira sai titi ya yi shiru.

Gyaran gaske ba ni na fara shi ba, kada wani ya gaya maka haka. Mata ne suka fara. Innarka da wasu maƙwabta suka riƙa tare mazansu tun daga gida, suna cewa duk tumatir ɗin da bai shiga ba a dawo da shi, kada a zubar. Suka share filin bayan makarantar allo, suka shimfiɗa tabarmi da buhuna da aka farke, duk macen da take da wuƙa da lokaci ta zo ta yanka. Kashi ɗaya na mai tumatir, ɗaya na wadda ta yanka, ɗaya kuma a ajiye don damina. Da muka ga abin yana tafiya, sai mu maza muka taho da manyan rigunanmu kamar mu muka ƙirƙiro shi.

Aka yi zama a gindin darbejiyar bakin kanal, duk masu shan ruwan layinmu. Ardo Buba, shugaban Fulanin da na ambata, ya zo da kansa. Ya ce shi bai gane hikimar mutumin da zai ƙone abincin saniya sannan ya tafi kasuwa neman takin zamani ba. Aka yi dariya, amma kowa ya ji a jikinsa. Ni kuma da azarɓaɓina na miƙe na ce a rubuta sunayen mabuƙata a riƙa karantawa a masallaci don a san wa za a bari ya shiga gona. Ka ga ban gama koyo ba ke nan. Liman Malam Isa ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, duk wadda ta zo da ƙwarya ba a tambayarta sunanta, ƙwaryar ta isa. Na zauna ina gyara hula.

Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Bayan girbi ba wanda zai sa wuta sai an kwana uku. Kwana biyu na masu kala ne, na uku shanu su shiga, kuma galibi in shanu sun fita babu ma abin ƙonawa. Masu injin casa na Kura da muke kai wa shinkafa, wasunsu suka yarda su riƙa ware ɗan abin da ya kakkarye. In an yi biki ko suna, tuwon da ya rage ba a zuba wa kwata, ana gutsuttsura shi a shanya. Duk ana tarawa a wani ɗaki kusa da masallaci, mabuɗin yana hannun matar liman, in damina ta tsananta ita da Innarka suke lulluɓe kwano a mayafi su shiga gidajen da suka sani kamar masu zuwa gaisuwa.

Kada ka ɗauka komai ya tafi sumul. Shekarar farko muka ɗure kauɗa a buhu da sauran danshi, rabinta ta yi funfuna, Innarka ta yi kwana biyu ba ta magana da kowa. Akwai lokacin da shanun wani suka shiga tun rana ta farko aka kusa ba hammata iska, sai da Ardo ya zo ya ba da haƙuri. Har yanzu akwai mai ƙyasta ashana in ya ga ba kowa. Amma tun daga lokacin ban sake jin an goya yaro daga unguwar nan zuwa asibiti saboda yunwa ba, kuma wannan ya ishe ni godiya ga Allah.

Sai dai duk wannan bai kawo Iya Dije gonata ba. Kowace kaka nakan bar gonar kwana huɗu, har biyar, mata su cika ta, ita kuwa ta wuce ta shiga ta gaba. In mun haɗu na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, Malam Garba, ta wuce. Na roƙi liman ya yi mata magana, ta ce masa ba ta riƙe kowa ba. Na tura Innarka, ta ce mata haka nan. Bazarar da ta wuce Iya ta kwanta ciwo, har aka fara cewa a yi mata addu'a. Na kasa cin abinci. Na ce wa Innarka ta sake komawa ta roƙar mini ita. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka aika buhu, ka aika liman, ka aika ni. Ƙafarka ce kawai ba ka aika ba."

Tsakanin gidanmu da nata bai fi taku arba'in ba, amma sai da na shekara goma sha wani abu kafin na taka shi. Bayan la'asar na je. Na tarar da ita a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta rame, an jingina ta da bango. Na cire takalmi na durƙusa. Duk jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, Iya, na yi miki rashin kunya, na ƙone abincinku, ki yafe mini.

Sai ta tambaye ni ko na tuna shekarar da mahaifina ya kwanta da ciwon ƙafa, damina guda bai taka gona ba. Na ce na tuna, ina ɗan yaro. Ta ce to a ganina me muka ci a shekarar. Na ce ban sani ba, na dai san ba mu kwana da yunwa ba.

Ta ce, "Ni da mahaifiyarka muka bi gonakin mutane da ƙwarya, kalar dawa da ta alkama, can nesa wajen Bunkure, don kada a gan ta a kusa da gida. Ta roƙe ni kada 'ya'yanta su sani, na kuwa riƙe mata har yau. Ran da ka ce gonarka ba gidan sadaka ba ce, ba don kaina na ji ciwo ba. Ita ka kora."

Abba, ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Da furfurata, a tsakar gidan mutane, jikokinta suna leƙe. Jikin nan da na tsaya da shi na ƙyasta ashana, da tuwon kala aka gina shi. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Tashi haka, Tanko, kada yara su raina ka. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Wannan ita ce wautar da ta fi daɗewa a jikina, kuma ita ce mafi sauƙin gyara da na sani. In ka ɓata wa mutum, ka je da ƙafarka, ka faɗi abin da ka yi da sunansa, kada ka ce in akwai abin da na yi. Kada ka aika kaya su yi maka magana. Na ɓata shekaru ina kewaye-kewaye, kuma saura ƙiris ƙasa ta rufe mini ƙofar.

Saura guda ɗaya, ita kuma da kai aka yi ta, shi ya sa nake jin nauyin faɗa. Ka tuna girbin da ya wuce, da maigidanka ya bar ka ka shigo da inji gonarmu don ka nuna mana abin da ka koya? Ka tuna na ce maka in ka zo kusurwar gabas ka ƙara gudu ka saki hannu? Ka ce mini Baba, in na yi gudu zai zubar, na ce ka yi abin da na ce kawai. To da gangan na yi. Na ji Iya ta warke, ina fata za ta zo, ina so in ta zo ta tarar da ƙasa a cike.

Washegari da hantsi na je na laɓe a can ƙarshen gona ina yi kamar ina gyaran kunya. Mata suka fara shigowa. Can sai ga ta tafe da sandarta, Hauwa tana riƙe mata ƙwarya, yarinyar da aka goya ranga-ranga yanzu ta fi kakarta tsawo. Ta iso daidai inda take saba zagayawa, ta ɗan tsaya, sai ta sa ƙafa ta shigo. Na ajiye fartanya na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokaci ba, ko ranar da aka haife ka sai dai su yi kusa.

Ba a jima ba na ji ana ƙwala mini kira daga kusurwar gabas. Na taho da sauri ina tsammanin godiya. Na tarar da ita tana nuna ƙasa da sanda, ranta a ɓace. Ta ce wane irin aiki ne wannan, shinkafa zube kamar an fasa buhu, rabi ta shige tsagar ƙasa, rabi ta nutse a sawun inji, ba mai iya tsince ta sai tsuntsu. Na yi ƙoƙarin ɗora wa injin laifi, ta ce kada in raina mata hankali, sauran gonar ai tsaf take. Ta ce kala abin da ya kuɓuce wa mai gona ne, wannan kuwa ɓarna ce, kuma ba a ciyar da mutum da ɓarna. In ina so in bar wani abu, in bar shi a tsaye kamar yadda mahaifina yake yi bayan ya warke, ya tsallake ɗan layi a bakin kunya ya yi kamar ya manta, mai lauje ta zo ta yanka abinta da tsabta. Sai a ranar na gane dalilin mantuwar tsohon nan da nake yi wa dariya ina saurayi.

Saboda haka kai ne da gaskiya, ni ne da kuskure, ka ajiye takardar nan shaida don ba lallai ka sake jin haka daga bakina ba. Ka yi aikinka da kyau. Kada ka shiga gona da raɓa, kada ka yi gudu don a ce ka gama da wuri, ka riƙa sauka kana duba bayan inji ka ga abin da yake zubarwa. Duk ƙwayar da ta shiga buhu wani ne zai ci. In mai gona mutumin kirki ne, ka ba shi shawarar layin bakin kunya, kai kuma ka iya mantuwa irin ta kakanka.

Jiya da yamma Iya Dije ta shigo gidanmu da kanta, rabonta da shi tun kafin ka shiga makaranta. Ta ji za ka tafi. Ta zo da ƙulli a bakin zane, shinkafa ce mudu biyu, daga abin da ta tsinta a gonarmu, ta turara ta da hannunta, ta kai aka casa, ta tsince tsakuwar. Ta ce guzurin mai sunan Malam ne, wato mahaifina. Innarka ta buɗe baki za ta ce Iya ai ke kika fi buƙata, na yi mata ido ta yi shiru. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ita ce a farin ƙyalle a ƙasan jakarka, ƙarƙashin rigunan aiki. Ba ta kai wadda ake sayarwa a kanti kyau ba, akwai karyayya a ciki. Ka dafa ta da kanka, ka kira abokan aikinka ku ci tare, in sun tambaye ka daga ina, ka gaya musu ta kala ce, kada ka ji kunya. Da irinta aka raini ubanka.

Allah Ya kiyaye ka a tafiyarka da zamanka, Ya tsare hannunka da ƙafarka daga haƙoran inji, Ya haɗa ka da iyayen gida masu tausayi, Ya sa kada wani ya kwana da yunwa ta dalilinka. Allah Ya ƙara wa Iya Dije lafiya, Ya jiƙan kakanninka, Ya dawo mana da kai lafiya mu gan ka da idonmu. In ka gama karantawa ka kira Innarka kafin ka kira ni, in ba haka ba ni zan sha faɗan.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba, wanda Iya take kira Tanko